Yadda Ake Sayar da Tufafi ta Bidiyon Kai-tsaye a Lokacin Bikin Nuna Kayan Ƙawa

Bikin nuna kayan ƙawa, wato taron nan da masu talla ke fitowa ɗaya bayan ɗaya a kan dogon dandamali sanye da sababbin ɗinkuna, ba ya daɗewa. Kamfani zai shafe watanni yana zayyana, yana yanka, yana ɗinki, ya kama zaure mai tsada, amma fitowar masu tallan da wuya ta wuce minti 10 zuwa 15. Daga nan sai a tafa, a rage fitilu, kowa ya kama gabansa. Abin da ya daɗe yana ci wa masu wannan sana'a tuwo a ƙwarya shi ne: mutumin da ya ga riga ta shiga ransa a cikin waɗannan 'yan mintoci, ta yaya za a karɓi kuɗinsa kafin sha'awar ta huce?

Amsar da ta fi karɓuwa yanzu tana cikin wayar hannu. Ita ce ciniki ta bidiyon kai-tsaye, wanda matasa ke kira layif: mai kaya ya kunna kyamara, masu kallo su yi tambaya a rubuce, ya amsa da baki, wanda ya ga ta yi masa ya biya nan take. Wannan darasi zai bi asalin haɗa layif da bikin nuna tufafi, da inda aka ci riba, da inda aka yi asara, sannan ya sauko kan abin da ƙaramin mai ɗinki ko mai shago zai iya yi da wayar da ke aljihunsa.

Giɓin wata shida

Manyan bukukuwan nuna kayan ƙawa na duniya guda huɗu ne: na New York, da Landan, da Milan, da Paris. Sau biyu ake yin su a shekara, wajen Fabrairu zuwa Maris, da kuma Satumba zuwa farkon Oktoba. A tsohon tsari, kayan da aka nuna a Satumba na bazarar shekara mai zuwa ne, waɗanda aka nuna a Fabrairu kuma na kaka da hunturu. Ke nan tsakanin ganin riga a dandamali da ganinta a kanti akwai kusan wata shida.

Akwai dalili. Da farko ba don jama'ar gari ake yin bikin ba. Wakilan manyan kantuna ne ke zama a gaba tare da editocin mujallu. Wakilan su zaɓi abin da suke so, su ba da oda, sannan kamfani ya san yadi nawa zai saya da riga nawa zai ɗinka. Mai saye na ƙarshe ba ya ganin komai sai mujalla ta fito, a lokacin kuwa kaya sun kusa isa kanti.

Intanet ce ta ɓata wannan lissafi. A Oktoban 2009 kamfanin Alexander McQueen ya shirya haska bikinsa na Paris kai-tsaye a shafin SHOWstudio. Mawaƙiya Lady Gaga ta sanar a Twitter cewa za a sa sabuwar waƙarta a wurin, sai jama'a suka yi wa shafin dafifi har ya tsaya cak. Daga lokacin aka gane akwai ɗimbin masu son kallo da ba su da kujera a zaure. Da Instagram ya zo ya bunƙasa, sai ya zama kowa na ganin riga a daidai lokacin da edita ke ganinta, amma ba shi da inda zai saye ta. Waɗanda suka ci moriyar wannan jira su ne kamfanonin ɗinkin gaggawa, masu iya fito da mai kama da ita cikin 'yan makonni a farashi mai sauƙi. A Kano ko Kaduna ma ba baƙon abu ba ne: ɗinki ya fito a Instagram da daddare, da safe hotonsa na hannun tela.

Gwajin shekarar 2016

A Fabrairun 2016 kamfanin Burberry na Ingila, a ƙarƙashin Christopher Bailey, ya sanar zai daina jiran wata shida. A bikinsa na Landan na Satumbar wannan shekara, ana gama nuna kayan aka buɗe sayar da su a kantuna da intanet. A watan dai, Tommy Hilfiger ya yi nasa a New York tare da mai tallan kayan ƙawa Gigi Hadid, ana haskawa kai-tsaye, mai kallo na iya latsawa ya saya. Ralph Lauren da Tom Ford ma sun bi sahu. Tsarin ya yi suna da laƙabin da za a iya cewa da Hausa "ka gani, ka saya".

Ba kowa ya ji da daɗi ba. A Maris na 2017 Tom Ford ya janye. Dalilinsa abin lura ne, domin bai shafi kyamara ko intanet ba. Kayan sun riga sun isa kantuna tun kafin bikin, amma dole aka ɓoye su har sai an nuna su a Satumba, sai aka yi asarar makonnin da ya kamata a ce ana ciniki. Ga kuma babbar matsalar da ke ƙarƙashin tsarin gaba ɗaya: wanda zai sayar a daren biki dole ya ɗinka kayan tun kafin ya san wanne jama'a za su so. Idan ya canka daidai, ya sha romo. Idan ya kuskure, kaya su yi kwantai, jari ya maƙale.

Yadda Sin ta ɗauki abin

A shekarar 2016 ɗin dai kamfanin Alibaba ya buɗe Taobao Live a ƙasar Sin. Bambancinsa da na Turai shi ne komai yana cikin manhaja ɗaya: bidiyo, da jerin kayan da ake nunawa, da maɓallin saye, da biyan kuɗi ta Alipay. Mai kallo ba ya fita ko'ina. A Oktoban wannan shekara kasuwar Tmall, wadda ita ma ta Alibaba ce, ta haska bikin nuna tufafi na awa 8 daga Shanghai a matsayin share fagen ranar babban rangwame ta 11 ga Nuwamba.

Gwajin da ya fi koyar da darasi ya zo ne da annobar korona. Daga 24 zuwa 30 ga Maris na 2020, Makon Nuna Kayan Ƙawa na Shanghai ya koma intanet ɗungurungum a kan Tmall, da masu zayyana da kamfanoni sama da 150. Yawancinsu sun bi salo iri ɗaya: a nuna gajeren bidiyon kayan, sannan mai zayyanar ko wani mai gabatarwa ya tsaya gaban kyamara, ya ɗauko riga, ya juya ta, ya faɗi irin yadin, ya amsa tambayoyi. Wasu masu zayyanar da suka saba leƙowa su ɗaga hannu na daƙiƙa biyar a ƙarshen biki, sai ga su suna bayanin yadda ake wanke siket.

Alƙaluman da Alibaba ya fitar sun ce an kalla sama da sau miliyan 11, an yi cinikin sama da yuwan miliyan 20. A ji kamar abin ya kai, amma a raba kuɗin da yawan kallon, za a ga bai kai yuwan 2 a kowane kallo ba. Wannan a ƙasar da maɓallin saye ke manne da bidiyo ke nan. Yawan masu kallo daban, yawan masu saye daban, kuma duk wanda ya ɗinka kaya bisa lissafin mabiyansa zai sha mamaki.

Wata biyu bayan haka, a ranar 22 ga Mayu, Anifa Mvuemba, Ba'amurkiya 'yar asalin Kwango mai kamfanin Hanifa, ta nuna nata kayan a Instagram Live ba tare da zaure ko mai talla ko ɗaya ba. Rigunan ne kawai, waɗanda aka zana da kwamfuta, ke tafiya a kan baƙin fage kamar akwai mutum a ciki. Bidiyon ya zaga duniya. Ya nuna ƙaramin kamfani na iya samun idon jama'a ba tare da an gayyace shi Paris ba.

Wa ke da maɓallin saye?

A nan ne masu kwaikwayon Sin ke yin tuntuɓe. Facebook ya taɓa samar da tsarin maƙala kaya a jikin layif, amma ya rufe shi a ranar 1 ga Oktoban 2022. Instagram ya rufe nasa a ranar 16 ga Maris na 2023. Har yanzu ana yin layif a dukansu, sai dai babu wannan maɓalli. TikTok Shop kuwa ƙasa-ƙasa ake buɗe shi. Akwai shi a Ingila da ƙasashen kudu maso gabashin Asiya, ya shiga Amurka a Satumbar 2023, amma zuwa 2025 Najeriya da Nijar ba sa cikin jerin.

Saboda haka mai sayarwa a Kano, ko Abuja, ko Maraɗi zai haɗa nasa tsarin da kansa: a kalla a TikTok ko Instagram ko Facebook, a kammala magana a WhatsApp, a biya ta tiransifa. Kowane tsalle daga manhaja zuwa manhaja wata kafa ce da mai saye ke zurarewa. Aikin mai sayarwa shi ne ya rage tsallen, ya kuma sa kowanne ya zama mai sauƙi.

Kafin komai a duba ko shafin ya cancanci yin layif. TikTok na buƙatar shekara 18, kuma galibi mabiya 1,000. Daga Agustan 2025 Instagram ma ya sa sharaɗin mabiya 1,000 da buɗaɗɗen shafi. YouTube na neman mabiya 50 ga mai haskawa daga waya, kuma kunna damar a karon farko kan ɗauki awa 24. Ba ranar biki ake gano irin wannan ba.

Fagen kuma akwai shi. Makon Nuna Kayan Ƙawa na Legas, wanda Omoyemi Akerele ta kafa a 2011, yana gudana wajen Oktoba. Bankin GTCO na shirya nasa a Legas ɗin, da rumfunan ƙananan 'yan kasuwa. A Nijar akwai FIMA, wanda Alphadi ya fara a 1998 a hamada kusa da Agadas. Ban da waɗannan, akwai ƙananan bukukuwan da ake yi a otal-otal da makarantun koyon ɗinki, da baje kolin gab da Sallah. Tsarin duk ɗaya ne, girma ne ya bambanta.

Zama uku, ba ɗaya ba

Kuskuren da aka fi yi shi ne a kafa waya a gaban dandamali, a haska fitowar masu talla, a kashe, sannan a zauna jiran oda. Fitowar tana tayar da sha'awa ne kawai. Kiɗa na tashi, mai talla na wucewa cikin daƙiƙoƙi, babu halin tambayar farashi balle awo. Ba mai hankalin da zai tura dubban nairori a kan abin da ya gifta masa. Shi ya sa gara a raba aikin gida uku.

Zama na farko kwana biyu ko uku kafin biki, daga shagon ɗinki. Gajere ne, minti 15 ya isa. A nuna yadin, a nuna hannun riga ana yi masa aiki, kada a nuna ɗinki cikakke. A faɗi rana da lokaci, a kuma koya wa jama'a yadda za a yi oda. Wannan zama yana da wani amfani na ɓoye: shi ne gwajin waya da sauti da sabis.

Zama na biyu shi ne bikin kansa. Kowane ɗinki a ba shi lamba bisa jerin fitowa, daga 1 zuwa ƙarshe. Wani mutum daban, ba mai riƙe da kyamara ba, ya zauna da waya ta biyu yana rubuta lambar da ke kan dandamali yana maƙala ta a saman sharhi. Abin da ake so daga mai kallo a nan ɗaya ne: ya riƙe lambar da ta burge shi. Lamba ta fi kwatance. "Waccan shuɗiyar mai duwatsu" na iya zama riga uku, amma lamba 7 guda ɗaya ce.

Zama na uku shi ne kasuwar. Ya kamata ya fara cikin rabin awa da gama biki, domin da zafi-zafi ake bugun ƙarfe, kuma idan da hali kada a katse layif ɗin, a wuce da shi kai tsaye zuwa wani ɗaki mai shiru da aka tanada. Duk wanda aka ce ya tafi ya dawo, ba lallai ya dawo ba. A nan ake bai wa kowane ɗinki haƙƙinsa, minti uku zuwa biyar. A faɗi lamba da farashi tun farko, a maimaita a ƙarshe, saboda mutane na shiga suna fita. A kawo yadin kusa da kyamara. A juya cikin rigar a nuna shafi da bakin ɗinki da zif. A ɗaga ta a gaban haske a ga ko shara-shara ce, domin wannan tambaya ce da mata da yawa ke da ita ko ba su rubuta ba. Mai tallan da ta sa ta ta faɗi tsawonta da lambar da ta sa, ta zauna, ta ɗaga hannu, ta taka. Mai kallo na son sanin ko rigar za ta yi zaman biki, ko za a iya salla da ita, ko wuyanta zai rufu da mayafi. Dandamali ba ya amsa ko ɗaya daga cikin waɗannan.

A 2023 wata mai sayarwa a Douyin mai suna Zheng Xiangxiang ta yi tashe da nuna kowane kaya cikin daƙiƙa 3 kacal, ta faɗi farashi ta ture. Kayan araha ne, waɗanda ko an yi asara ba a jin zafi. Ɗinkin da aka kwana ana yi wa aiki ba ya sayuwa a haka.

Wa zai yi magana? Mai zayyanar ya fi kowa sanin kayan, kuma jama'a na son jin bakin mai abu. Amma ba kowane gwanin almakashi ne gwanin baki ba. Idan an ɗauko wata mai mabiya da yawa, a zaunar da ita tun kafin ranar ta san kowane yadi da farashinsa, a kuma daidaita ko kuɗin aiki za a ba ta ko la'ada a kan abin da aka sayar. La'ada ta fi sa mutum ƙwazo, sai dai tana iya sa shi zuzuta kaya fiye da kima, wanda daga baya mai shago ne zai amsa tambaya.

Waya, haske da sabis

A yi amfani da kyamarar baya. Ta fi ta gaba kyau, kuma ta gaba kan juya rubutu a wasu manhajoji, lambar da aka ɗaga ta fito a birkice. A tsayar da wayar a tsaye a kan ƙafa, a ƙarshen dandamali inda masu talla ke tsayawa su juya. Idan akwai babban allon haske a bayan dandamalin, kyamara za ta biye wa haskensa ta duhunta mai talla, don haka a karkata kaɗan.

Launi shi ne abin da ke jawo rigima. Fitilun zaure masu ja da shuɗi na canza kamannin yadi, shi ya sa ɗakin zama na uku ke buƙatar farin haske mai kama da na rana. A kashe duk wani tace hoto da ke gyara fuska, domin yana gyara rigar ma. Shadda na ƙyalli ta kashe wa kyamara ido, sai a karkata ta a hankali. Baƙar abaya kuwa kan fito kamar inuwa, aikin jikinta ya ɓace, sai an haska ta daga gefe. Yadi mai siraran layuka kan yi rawa a allo. Dabara mai sauƙi ita ce a ɗora farar takarda a gefen yadin: idan takardar ta fito rawaya a wayar mai kallo, ya san launin da yake gani ba shi ne na gaskiya ba.

Mutane na haƙuri da hoto mai ɗan dishi-dishi, amma ba sa haƙuri da muryar da ba a ji. Ƙaramin makirufo na maƙalawa a wuya ya wadatar. Sannan a kula da kiɗa. Manhajojin na gane waƙoƙi masu haƙƙin mallaka, suna iya kashe sauti ko su yanke layif ɗin ana tsaka da yi. A tambayi masu shirya biki abin da za su sa, a kuma nemi izininsu na haskawa. Bayan fage, inda masu talla ke sauya kaya, ba wurin kunna kyamara ba ne sai an sanar kuma kowa ya kimtsa.

Batun sabis, saurin turawa ake dubawa, ba saurin saukewa ba. Manhajar Speedtest na nuna duka biyun. Bidiyo mai matsakaicin kyau na cin kamar megabit 3 a daƙiƙa, wanda ya kama gigabait 1.3 da 'yan kai a awa guda. Zaman awa biyu da waya biyu, a tanadi gigabait 5 don a samu sarari. Gwajin da aka yi a zaure babu kowa yaudara ne, domin idan ɗaruruwan wayoyi suka taru a kan turken sabis guda, gudun zai faɗi. A riƙe layin wani kamfani daban a cikin MiFi. Mafi kyau ma wayar haskawa ta zama babu layi a cikinta, ta hau MiFi ɗin, saboda kira ɗaya na iya tsayar da bidiyo. A cire mata riga, domin caji da haskawa a lokaci guda na sa ta zafi har ta rage gudu.

Akwai kuma jinkiri na 'yan daƙiƙoƙi tsakanin abin da ake faɗa da lokacin da mai kallo ke ji. Idan riga ɗaya ta rage mutum biyu suka rubuta lambarta, kowa na iya ganin sharhinsa ne a sama a wayarsa. A faɗa tun farko cewa jerin da ke wayar shago shi ne alƙali.

Kaya nawa ke ƙasa?

Ƙaramin mai ɗinki ba shi da jarin Burberry, kuma ba ya buƙatarsa. Ya raba kayansa kashi uku. Na farko waɗanda aka ɗinka da yawa suna ƙasa, a biya a tura gobe. Nan ne wurin abaya, da bubu, da mayafi, da hula, da jaka, wato abubuwan da awo ba ya ba da wahala. Su ne suka fi tafiya a layif. Na biyu waɗanda sai an auna, a karɓi kafin alƙalami a sa rana. Na uku na jan ido ne kawai, guda ɗaya tak, wanda ya taya da daraja a sallama masa.

Kashi na biyu ne ke ɓata suna. Daren ciniki na da daɗi, oda na shigowa, baki na ta cewa "an gama". A yi lissafi tun kafin a kunna waya. A ƙaddara shago na da tela 4, kowanne na gama riga a kwana 2. Riga 2 ke nan a rana, 12 a mako mai kwana 6 na aiki, 36 a mako 3. Idan an yi alƙawarin mako 3, a tsaya a 30, domin wuta za ta ɗauke, wani zai yi rashin lafiya, yadi zai yanke a kasuwa. A tabbatar ma akwai yadin da yawa a Kantin Kwari ko inda ake sarowa kafin a sa shi a dandamali. Kowa ya san abin da ke faruwa tsakanin tela da mai kaya a daren Sallah. Bambancin kawai shi ne wanda aka saɓa wa a intanet yana da shafi, kuma zai yi magana.

Faɗin ainihin adadin da ya rage yana sa mai shakka ya yanke shawara. Ƙaryar "saura biyu" kuwa sau ɗaya take ci, ranar da aka ga rigar a jikin mutum goma magana ta ƙare.

Kuɗi, da kayan da ke dawowa

Hanya mafi gajarta ita ce lambar WhatsApp Business guda ɗaya, da kundin kaya mai ɗauke da lambobin da aka nuna da farashinsu, da saƙon amsa da aka riga aka rubuta. Mai hali ya buɗe mahaɗin biya na Paystack ko Flutterwave. Saura su yi amfani da asusun kasuwanci na banki, ko Moniepoint, ko OPay, wanda sunansa ya yi daidai da sunan shago. A Nijar akwai Nita da Amana da Airtel Money. Wanda ya kama riga a ba shi minti 30 ya biya, in bai biya ba ta koma kasuwa.

Damfara iri biyu ce ta fi yawa. Akwai alat na bogi da hoton rasit da aka haɗa, maganinsu kuwa kada a saki kaya sai an buɗe manhajar banki an ga kuɗin a ciki. Akwai kuma masu buɗe shafi mai kama da na shago, su shigo sharhi su ajiye lambar asusunsu, ko su bi masu kallo ta akwatin saƙo. Mai kula da sharhi ya riƙa goge su yana toshewa, mai gabatarwa kuma ya riƙa faɗin sunan asusun gaskiya da bakinsa. Shi ma mai saye ya karanta sunan da ya fito kafin ya tura, ya kuma ɗauki hoton allo a lokacin da ake nuna rigar da farashinta.

Ciniki bai ƙare ba sai kaya sun isa kuma sun zauna. A Sin, inda harkar ta fi girma, yawan dawo da tufafin mata na cikin manyan koke-koken masu sayarwa a layif. Mutum ya saya cikin ɗoki, washegari ya sake tunani, ko launi ya saɓa, ko rigar ta matse. A Najeriya kuma kowa ya san hotunan nan biyu da ake jerawa, na abin da aka yi oda da na abin da aka kawo. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda hukumar FCCPC ke kula da ita, ta bai wa mai saye damar mayar da kayan da suka saɓa wa yadda aka kwatanta su, saboda haka rubuta "ba a dawo da kaya" ba ya wanke mai shago. Abin da ke rage matsalar shi ne awo da inci, ƙirji da ƙugu da tsawo da hannu, maimakon "babba" da "matsakaici" da kowane shago ke da nasa. A kuma faɗi kuɗin aike da wanda zai biya shi tun a layif, ko ta tasha za a tura ko ta kamfanin aike.

Bayan an kashe kyamara

A sauke bidiyon a daren. Tun Fabrairun 2025 Facebook ke goge bidiyon layif bayan kwana 30. A yanka shi gunduwa-gunduwa, kowane ɗinki da nasa na daƙiƙa 30 zuwa minti ɗaya, da lamba da farashi a rubuce, a riƙa saki a TikTok da Reels da sitatus na WhatsApp cikin makon. Da yawa daga masu saye ba su kalli layif ɗin ba, wasu kuma sun kalla amma sai albashi ya shigo.

Sannan a zauna da littafi. Manhaja za ta nuna yawan masu kallo da zukatan da aka tura, amma alƙaluman da ke da amfani mai shago ne zai haɗa su da hannunsa: mutum nawa suka kama kaya, nawa suka biya, nawa suka dawo da shi, kuma a wane minti jama'a suka fara watsewa. Idan 40 suka kama 12 suka biya, a binciki hanyar biyan ko jinkirin amsa saƙo. Idan an yi ta tambayar lamba 7 amma ba a saya ba, farashin ne ko awon. Idan kuwa an yi ta tambayar ko akwai ta a wani launi, to a rubuta launin, shi ne yadin da za a fara sarowa kafin biki na gaba.